Ƙafar Baba ta Hagu

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya ke da Baba. Ni ma lafiya lau, tarin nan ya sake ni, sai dai sanyin garin nan da har yau ban saba da shi ba. Yaya idon naki? Baba ya ce yanzu sai kin je bakin taga kin miƙe hannu kafin ki karanta takarda. Don Allah ki je a duba miki, ki daina cewa ƙura ce.

Tunda kin ce ke ba kya hirar waya, wai magana ta wuce ba a ajiye ta a ƙarƙashin filo, to ga takarda. Na sa zane biyu a ciki: tagar ɗakina, da matar da ke share mana bene.

Kin tambayi me nake koya bana. A shekarar farko fensir ne, a ta biyu fenti, har na daina tsoron buroshi. Bana kuwa zane mai motsi muke yi, wato katun. Tebur ne na gilashi da fitila a ƙarƙashinsa. Sai ki zana mutum, ki ɗora wata takardar a kai, ki sake zana shi kin ɗan gusar da ƙafarsa, haka har takardu su yi tuli. In aka ɗauki hotonsu aka jera da sauri, sai ki ga mutum na tafiya. Kowa zai yi gajeren fim ɗinsa na kammala karatu. Nawa labarin wani tsoho ne da ya ɗauko ƙaton agogon bango zai kai wa mai shi, iska na ta wasa da shi a hanya.

Matsalar ita ce malamarmu, wadda muke kira Mai Tabarau, ta ce mutanena ba tafiya suke yi ba, tura su ake yi kamar kabad. A gaban kowa ta faɗa. Ta ce in daina kwafar tafiyar littafi, in zana tafiyar da na sani. Wallahi Gwaggo kamar ƙasa ta tsage in shige. A yi mini addu'a.

Taki,
Gawayi

*

'Yar Gawayi,

Takardarki ta iso, mun gode Allah da jin tarin ya tafi. Mu ma lafiya. Idona yana nan yadda kika bar shi, kuma ƙura ce, kada ki dame ni. Babanki lafiyarsa ƙalau, sai ƙafar hagun da ke yi masa tsami in an yi ruwa. Mai takalmin kan kwana ya sake yi masa tayin takalmi mai tudu, wai zai rage ɗingishin. Kin san halinsa. Ya ce ƙafar da ta kawo shi yau tun yana yaro ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba.

Zanen matar mai shara ya yi kyau, har gajiyar bayanta na gani. Babanki ya ɗauke mini shi ya kai shago, ya maƙala tsakanin agogunan bango. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha bayani kafin a buɗe masa agogonsa. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya ce ya haddace labarinki fiye da na 'ya'yansa.

Ita wannan Mai Tabarau, ki gaishe ta, ki ce na ce ta yi daidai. Ke tun kina rarrafe ba kya yin abin kirki sai an zungure ki. Yarinyar da ta cika mana bangon kicin da gawayi har sunan ya bi ta, yau ita ce wata kalma ɗaya za ta sa ta kuka? Kama fensirinki, malama. Sai dai ban gane ba, a ce mutum ya tsallake teku don ya koyi yadda ake tafiya. Mu nan kyauta muke yi.

Ki riƙa cin abinci, a hoton nan duk wuyanki ya fito.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan ƙafar Baba ta yi sauƙi. Jikina lafiya, amma na yi wani abu da ya hana ni sakewa, kuma ba wanda zan iya gaya wa sai ke. Don Allah kada ki karanta masa wannan.

Na zauna kan teburin nan na rufe littafin kamar yadda aka ce. Ban yi niyyar komai ba, wallahi. Sai kawai hannuna ya fara. Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta zagayo ta gefe, kafaɗa ta faɗa ta tashi, hannu ya ɗan taɓa bango a kwana. Ban ɗago ba sai da takardun suka ƙare. Da na jera su na kunna, sai ga Baba a gabana yana tafiya ya ba ni baya, yadda na saba ganinsa in zai raka ni makaranta.

Da na nuna a aji, aka fashe da dariya. Ba ta mugunta ba ce, tsohon nawa dama abin dariya ne, ga ƙaton agogo a ƙirji ga iska. Amma Gwaggo, a kan faɗuwar kafaɗar nan suke dariya, duk lokacin da ta faɗa sai sun yi. Mai Tabarau ta sa aka maimaita, ta ce yau ne na fara zama mai zane. Aka tafa mini. Kuma na ji daɗi, wannan shi ne abin da ke cina. Har da ni aka yi dariyar.

Bai tsaya nan ba. Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni inda na samo wannan tafiyar. Na buɗe baki na ce, "Wani tsoho ne a layinmu." Haka na ce. Mutumin da ya yi ta goya ni a kan wannan ƙafar in ruwa ya cika titi, na mai da shi wani tsoho a layinmu. Ban san ina da wannan halin ba sai ranar.

Makaranta ta ce za ta ɗora guntun a shafinta na intanet tare da na wasu ɗalibai. Na kasa cewa a'a, don sai na faɗi dalili. Ina ta roƙon Allah kada wani na gida ya gani.

Gawayi

*

'Yar Gawayi,

Muna lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, matar mai aski na jira za ta raka ni asibiti, sun ce yanar ido ce ba ƙura ba, kuma za su cire. Kada ki ce kin faɗa.

Addu'arki ba ta karɓu ba. 'Yar mai aski ta gani a wayarta, ta kawo shago. Duk layin sun gane ko wane ne kafin tsohon ya yi taku uku. Babanki ya kalla, ya ce a sake kunnawa, ya sake kalla. Bai ce uffan ba. Ya rufe shago da wuri. Washegari ma bai buɗe ba.

Sauran bayani sai na dawo. Maganar da kika ce kada in karanta masa, ban karanta ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina fatan an yi aikin lafiya kuma idon yana warkewa. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a wurin ninkin. Baba bai buɗe shago ba. Mutumin da ko ranar da zazzaɓi ya kayar da shi sai da ya ja jiki ya je, don wai akwai mai zuwa karɓar agogo. Ni na rufe masa shagon. Na ɗauki abin da bai taɓa bari a yi masa magana a kai ba, na baza wa duniya, yaran layi su riƙa kallo suna ƙyalƙyala.

Ya kira ni a waya, ya sake kira. Ina kallonta tana ƙara a kan tebur na kasa ɗauka. Me zan ce masa? In ya yi faɗa da sauƙi. Na san ba zai yi ba, cewa zai yi, "Ya karatu?" kuma wannan ne ba zan iya ɗauka ba. Na tura masa saƙo na ce aiki ya yi mini yawa.

Na je ofis na sa sun sauke guntun daga shafin. Ki gaya mini gaskiya, yana fita kuwa? Yana cin abinci? Ko layi biyu ne ki sa wani ya rubuto.

Gawayi

*

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Shiru har yanzu. Kullum sai na duba akwatin wasiƙu na ƙasan bene, har matar mai shara ta fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na gane, kema kin yi fushi, kuma kina da gaskiya.

Na gyara abin da na ɓata. Na kwashe takardun tafiyar nan gaba ɗaya na yayyaga, na sa an goge hotunansu a kwamfuta. Na sake zana tsohon daga farko har ƙarshe, ƙafafunsa biyu daidai, kafaɗa a miƙe. Yatsuna har sun yi kanta. Mai Tabarau ta kalla ta cire tabaran, ta tambaye ni wa ya mutu. Ta ce na koma tura kabad. An ba ni makin wucewa da ƙyar, ban damu ba. Ba wanda ya yi dariya a kan ƙafar kowa.

Na tura wa Baba guntun sabon fim ɗin ta wayar 'yar mai aski, na ce a gaya masa wannan ne na gaskiya, wancan kuskure ne. Ina fatan zai huce. Za a nuna finafinanmu ga jama'a a ƙarshen zango, daga nan sai gida in sha Allahu.

Gawayi

*

Gawayi,

Idona ya buɗe, alhamdu lillahi, har ina ganin dattin da ke saman kabad. Likita ya hana ni karatu da rubutu sai yanzu, shi ya sa kika ji shiru. Takardunki biyu suna ƙarƙashin filo a rufe, tunda ke kika ce kada a karanta masa, ni kuma ba zan ba 'yar mai aski sirrin gidanmu ba. Jiya na buɗe su. Da na san abin da ke ciki, da na sa an karanta mini ko da mai gadin asibiti ne. Ni ma da laifina, na yi miki rabin magana na tafi.

Kai, yarinyar nan! Wa ya ce miki ki yi wa mutum fassarar shirunsa daga wata ƙasa?

Bari ki ji abin da ya faru. Ranar da ya kalla, ya ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ya dawo gida ya zauna bai taɓa abinci ba. Can ya ce mini, "Yaya, ashe haka nake tafiya?" Na ce haka kake, tun kana shekara biyar da shan-inna ta taɓa ka. Ya ce shi bai taɓa ganin bayansa ba. Sannan ya ce, "Kin ga har hannun da nake sawa a bangon kwana ta saka? Ni kaina ban san ina yi ba. Ashe yarinyar nan kallona take yi." Yana faɗa yana share ido, yana cewa hayaƙin kicin ne, alhali ban kunna komai ba.

Washegarin da bai buɗe shago ba, kasuwa ya tafi ya sayo waya mai babban gilashi, shi da ya rantse zai mutu da tsohuwarsa mai maɓalli. Don ya riƙa nuna wa mutane da kansa. Kiran da ya yi ta yi miki, so yake ya tambaye ki ko tsohon ya kai agogon lafiya, don guntun bai nuna ƙarshe ba. Da aka sauke shi daga shafin, ya ɗauka wayar ce ta lalace, ya koma ya yi wa mai sayar da wayar tas.

Sai ga sabon naki. Ya tara mutane a shago, har kujeru aka aro. Ni ina gefe da bandeji a ido ɗaya. Aka kunna. Wani mutum ya fito yana tafiya kamar soja. Ba wanda ya yi motsi. Mai aski, da bakinsa ba ya da birki, ya ce, "A'a, ai an miƙe maka ƙafa, sai ka yi godiya." Sannan yarinyar ta karanta saƙonki da ƙarfi, cewa wannan ne na gaskiya, wancan kuskure ne. Babanki ya ce, "To, madalla." Ya sa gilashinsa na gyara a ido ya koma kan agogon da ke gabansa.

Da sati ya zagayo ya je wurin mai takalmi ya ba da awo. Yanzu takalmi mai tudu yake sawa, yana cin masa dunduniya, yana dawowa yana jiƙa ƙafa a ruwan zafi. Kuma ya ce in gaya miki ranar da za ki dawo ni da mai aski za mu je filin jirgi. Wai ƙila ki sauko tare da abokan karatu, gara kada ya tsaya a hanya.

Abin da kika faɗa a aji, na wani tsoho a layinku, na riƙe miki shi, bai ji ba kuma ba zai ji daga bakina ba. Amma wanda kika faɗa da fensir ya ji shi sarai. Kina ƙarama, da kika fara tafiya, ɗingishi kike yi. Marigayiya mamanki ta ɗauke ki a guje sai asibiti, likita ya duba ya ce lafiyarki ƙalau, babanki kike kwaikwayo, kin ɗauka haka ake tafiya. Ya fi shekara yana ba da wannan labarin yana dariya. Yanzu ki duba abin da kika aiko masa.

Ban yi fushi ba, amma raina ya ɓaci. Ki san abin yi.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Na gode Allah da idonki. Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba.

Na karanta a tsaye a ƙasan bene, sannan na zauna a kan matakala har matar mai shara ta kawo mini ruwa. Na ɗauka kunyar da na ji a baya ita ce ƙarshe. Ashe ba don shi na miƙe ƙafar nan ba, don kaina na yi, don in daina jin abin da nake ji in na kalla.

Na je wurin Mai Tabarau na gaya mata tsohon nan mahaifina ne. Na faɗa a aji ma, ga wanda ya tambaye ni da farko. Maki ya riga ya shiga, ba za a canza ba, amma ta ce in na iya mayar da tafiyar kafin ranar nunawa, ita za a haska.

Sai dai na kasa, Gwaggo. Na yayyaga na farkon, kuma hannuna ya ƙi. Duk wanda na zana sai ya fito kamar mai kwaikwayon gurgu, ba Baba ba. Ina jin tsoron kafaɗar, ina rage ta ba tare da na sani ba. Ina bukatar in gan shi.

Abin da zan roƙa da nauyi. Ki ɗauke shi da sabuwar wayar yana tafiya, daga ƙofar gida zuwa shago, da tsohon takalminsa. Na kira shi jiya, ya ɗauka, ya ce, "Ya karatu?" Na yi ta kuka na kasa haɗa magana, shi kuma yana ta tambaya ko kuɗin abinci ne ya ƙare. Don haka ki karanta masa wannan takardar dukkanta, har da inda na ce na kira shi wani tsoho a layinmu. Gara ya ji. In ya ƙi, ba zan ga laifinsa ba.

Gawayi

*

'Yar Gawayi,

Muna lafiya, dunduniyar babanki ma ta fara warkewa. Na karanta masa kamar yadda kika ce, ban tsallake komai ba. Da na zo wurin tsohon layi, ya ce, "To ai ba ta yi ƙarya ba, tsoho ne ni, kuma a layin nake." Amma bai kalle ni ba da yake faɗa, kuma kwana biyu bai ce eh ko a'a ba.

Yau da safe sai na gan shi ya fito da rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya miƙo mini wayar. Muka fita. Kin san me mutumin nan ya yi? Ya ɗage kai, ya ƙanƙame kafaɗa, yana ta ƙoƙarin taka ƙafar a miƙe kamar na fim ɗinki na biyu, har ya kusa faɗawa kwata. Na daka masa tsawa a tsakiyar titi, na ce in wannan take so ai tana da shi. Muka koma ƙofar gida muka sake. Sai da mai aski ya ɗauko ƙaton agogon bangon shago ya ɗora masa a ƙirji, hankalinsa ya koma kan kada gilashin ya fashe, sannan ya manta da ni ya yi tafiyarsa. A kwana ya rasa hannun taɓa bango, sai ya jingina kafaɗa. Ki duba wurin da kyau.

Hoton yana rawa, hannuna ne, ki yi haƙuri da shi. 'Yar mai aski ta ce ta tura miki. Takalmi mai tudu yana ƙarƙashin gado, bai mayar ba, bai kuma sake sawa ba. Ya karɓi biro zai ƙara wani abu a ƙasa.

Gwaggonki

Gawayi, na yi tafiyar. Ki zana abin da kika gani, kada ki rage mini komai. Kuma har yanzu ba ki gaya mini ko tsohon ya kai agogon ba.

Zancen filin jirgi, zan zo. In kin fito kin hango ni, kada ki rugo. Ki tsaya inda kike, ni zan ƙaraso.

Babanki